Saniyar da Yaya Nomau Ya Gani

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, Shi da ya bar ni har na kai shekarun zama a inuwa ana tuna baya. 'Ya'yana, da ku da 'ya'yan Yaya Nomau nake magana, don ban taɓa raba ku a zuciyata ba. Na san abin da ake faɗa a garinmu. Ana cewa ni Arzika na yi lakkwal, wato makarantar boko, na ci aikin gwamnati, na dawo na tozarta wana a gaban mai gari saboda Bafillace. Na ji shi a wurin suna, na ji shi a wurin zaman makoki, har wata tsohuwa ta tare ni a kasuwar Filinge ta faɗa mini a fuska tana nuna ni da sanda. Ban tanka ba, don wanda ya kamata in yi wa bayani yana raye a lokacin, kuma ba ya son jin muryata. Yanzu Allah ya karɓi abinsa, ni ma na fara jin jikina, don haka ku zauna ku ji yadda aka yi.

Kun san aikin dabbobi na yi duk rayuwata, allura da duba kofato, har mutane suka laƙaba mini Lokotoro, wato likita, ko da yake ban kai nan ba. Da na yi ritaya na zauna a Filinge, sai zaman ya ishe ni. Hadiza, 'yata ta fari da ke aiki a Yamai, ta kawo mini kwamfuta ta hannu, wadda muke ce wa ordinatar, ta koya mini zuba hotuna a ciki daga salula. Ni kuwa sai na sama mata aiki. A ƙasarmu ta Kurfai manomi ba ya bin saniya. Idan Allah ya ba ka karsana, Bafillace kake miƙa wa, ya hau da ita arewa idan damina ta sauka, ya sauko bayan girbi ta ci kara a gonarka ta bar maka taki. Babu takarda, babu sa hannu, magana ce kawai da tsoron Allah. To amma shekarun nan satar shanu ta yi yawa, zukata suka fara lalacewa. Sai na ce duk wanda zai ba da kiwo ya kira ni in ɗauki hoto, mai saniya a dama, makiyayi a hagu, saniya a tsakiya. Mutane suka yi ta kirana har ban san yawan shanun da ke cikin na'urar nan ba.

Cikinsu akwai karsanar Yaya Nomau. Wannan karsana ba kamar sauran ba ce a wurinsa. Innarmu tana da wata saniya da muke kira Baƙa, mai duhun jiki da dogon ƙaho, wadda nononta muka sha muka girma. Fari ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, dukiyar gidanmu ta ƙare, amma Yaya ya riƙe zuriyar Baƙa da haƙoransa. Akwai shekarar da ya kwance rufin bukkarsa ya ba ta ciyawar ta ci. Karsanar nan ita kaɗai ta rage a zuriyar. Ita ya miƙa wa Julde, Bafillacen da ubansa ya yi wa ubanmu kiwo, wanda ya sha fura a ƙwarya ɗaya da mu tun muna tsirara. Na ɗauke su hoto a bakin rijiya, Yaya da farar rigarsa ta Juma'a, Julde da malfarsa da sanda a kafaɗa.

Bayan nan ne ragon layya ya yi mini ɓarna. Na bar kwamfutar a buɗe a kan tabarma na tafi sallar la'asar, fuskarta ta mutu ta yi baƙi, rago ya zo ya leƙa ya ga wani rago yana kallonsa. Ya ja da baya ya kai masa karo. Da na dawo na tarar da gilashin ya tsage kamar busasshen tabki, uwarku Ramatu tana tsaye a kansa tana dariya har da hawaye.

"Malam, kai da ragonka ku biyu ba ku da haƙuri," in ji ta. "Shi dai ya yi hwaɗansa ya gama, saura kai."

Na yi faɗan kuwa. Da na huce na ba direban motar Yamai ya kai wa Hadiza. A tunanina gilashi gilashi ne, a cire wannan a sa wancan kamar na taga. Ashe ba haka ba ne. Ta yi ta yawo wurin masu gyara, tana kirana tana ba ni labari ina ƙara hasala. Na farkon da aka samu girmansu ɗaya, amma bakin wayar da ke shiga bayansa ya fi na tsohon yawan haƙora, ya ƙi shiga. Na biyu ya shiga, amma na tsohon yayi ne mai fitila irin ta doguwar kwalba, na'urata kuwa ba ta san yadda ake kunna irinsa ba, sai duhu. Na uku aka ciro daga wata matacciyar kwamfuta, ya shiga, ya kama, ya haska. Hadiza ta kawo mini da kanta.

"Baba, mai gyaran ya ce in gaya maka gaskiya," ta ce. "Wannan ekaran ɗin ba irin naka na da ba ne. Na da ko ta ina ka kalle shi launi ɗaya ne. Wannan sai an kalle shi gaba da gaba. In ka kauce, launin yana sauyawa."

"To ni ta ƙeya nake kallo?" na ce mata. "Kawo nan."

Na ɗora a tebur na zauna a kujerata, na ga shanuna lafiya lau, ja ja ne, fari fari ne. Maganarta ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan.

Julde ya daɗe bai sauko ba. Hanyoyin arewa sun ɓaci, ya maƙale da garkensa can bayan Sanam, damina ta bi damina, sai saƙon gaisuwa kawai. Da Allah ya buɗe masa hanya ya sauko, bai ma kafa ruga ba sai da ya kora saniya da ɗan maraƙinta har ƙofar gidan Yaya. Saniya ja ce, irin jan shanun Azawak, ta rame don tafiya. Aka ce Yaya ya fito ya zagaya ta, ya sake zagayawa, ya tofar da yawu.

"Wagga ba tawa ta ba," ya ce. "Jikar Baƙa nib ba ka. Ina ka kai ta?"

Julde ya nuna masa tsagar kunne irin ta gidanmu. Yaya ya ce kowa da aska yana iya tsaga kunne. Ƙaho ba shaida ba ne, don karsana aka ba da, saniya aka maido. Abin da ya rage shi ne launi. Magana ta je gaban mai gari. Ku da kuka taso a wannan zamani kun san abin da kalmar ɓarawon shanu ke jawo wa Bafillace a shekarun nan. Ba tara ba ce kawai. Samari suna yawo da sanduna, jini yana kusa, ruga guda tana iya tashi a wuni ɗaya a rasa inda ta nufa.

Yaya ya hau amalanke ya zo Filinge da kansa. Ya ƙi shan ruwa sai da ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Ka taho da na'urarka ranar Laraba. Kuma kada ka buɗe hoton nan sai gaban jama'a, kada a ce mun ƙulla."

Ku riƙe wannan magana da kyau. Mutumin da ya san ƙarya yake yi ba ya faɗin haka. Ni kaina wallahi da za a dafa mini Alƙur'ani ban iya cewa ga launin karsanar ba. Shanu nawa na ɗauka? Idan na rufe ido, Baƙar Inna nake gani, kamar yadda shi ma yake gani. Da ya tafi Ramatu ta zauna a bakin ƙofa ta yi tagumi.

"Malam, ka ce ta lalace. Ka ce rago ya kashe ta gaba ɗaya. Tsakanin wa da abokin wasan ƙuruciya, ko ina kab bi ciwo za ka ji."

Na ce mata ba na ƙarya da furfura. Na yi caji har ta cika, na rufe, ban buɗe ba.

Ranar Laraba da hantsi aka taru a ƙarƙashin gawon ƙofar mai gari. Mai gari tsoho ne, idonsa ya yi rauni, yana zaune a kan buzu. Liman yana damansa, dattawa sun jeru a tabarmi, Yaya a cikinsu. Julde yana can gefe a kan rairayi ya tanƙwashe ƙafa. Samari suna baya a tsugune, don a garinmu ba a tsayawa a kan dattawa, ko kai wane ne. An ɗaure jar saniyar a jikin turke, maraƙin yana kuka. Wani ya ce a ɗaga na'urar sama don kowa ya gani, kuma kada rairayi ya shiga cikinta. Aka mirgino gangar mai, aka kafa ta a tsaye, aka ɗora ƙaramar kujera ta mata a kai, na ɗora kwamfuta a bisa. Ni kaɗai ne a tsaye, da izinin mai gari, saboda aikin ya buƙaci haka.

Na nemo hoton na buɗe. Ga Yaya, ga Julde, ga karsana a tsakiya ja wur, ba ta da maraba da wadda ke ɗaure a turke. Ashe ubanta bijimin Azawak ne, jan ya rinjayi duhun kakarta, mu duka mun manta. Na ji tausayin wana ya kama ni. Na juya fuskar na'urar wajen dattawa, na koma bayanta na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo.

Sai na ji wani dattijo ya ce, "Baƙa ta."

Wani ya ce, "Wallahi baƙa ta, ƙirin."

Na ɗago kai. Mai gari ya tambayi Liman abin da ya gani, Liman ya ƙanƙance ido ya ce lallai saniyar cikin hoto mai duhu ce. Guna-guni ya tashi daga baya, na ji ƙarar sanduna suna taɓa juna. Yaya bai yi murna ba, ya dai gyaɗa kai, hawaye suna bin gemunsa. Abin da ba zan manta ba har in mutu shi ne Julde. Ya matso da gwiwa, ya ɗaga kai ya kalli hoton, ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire malfarsa ya ajiye a ƙasa.

"Allah shi as shaidata," ya ce. "Wadda anka ba ni ita na maido. Amma wagga ta cikin madubi, ni ma baƙa nika gani."

Na zagayo gaba. Da yake yanzu ina fuskantar mai gari, dole na durƙusa. Ina kai gwiwa ƙasa na ɗaga ido, sai ga saniya baƙa ƙirin a kan ganga. Innalillahi! Na ɗan miƙe, ta fara ja. Na koma ƙasa, ta koma baƙa. Nan take muryar Hadiza ta dawo mini kamar tana tsaye a bayana. Gilashin nan daga ƙasa duhu yake nunawa, kuma duk garin a ƙasa yake zaune. Ladabinmu ne ya sa kowa ya ga baƙar saniya.

Ba wanda ya lura da ni. Mai gari ya riga ya fara gyaran murya zai yanke hukunci. Da na miƙa hannu na rufe na'urar, shi ke nan, magana ta ƙare, wana ya fita da mutuncinsa. Kuma ku san wane ne Yaya Nomau a wurina. Lokacin da aka zo ɗaukar yara lakkwal, shi aka ɓoye a rumbu aka ba da ni, ya zauna ya yi noman da na ci. Da ƙafa yake zuwa Filinge ɗauke da gero a ka ya kai gidan da aka sauke ni. Da ubanmu ya rasu shi ya zama ubana, shi ya nema mini auren uwarku. Ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Duk wannan ya zo mini ina durƙushe a rairayi, na kuma ga malfar Julde a ƙasa da samarin da suka fara matsowa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba, kuma na ji baƙin ciki irin wanda ban taɓa ji ba.

"Ranka ya daɗe," na ce, "a gafarce ni. Kada a yanke tukuna. Ina roƙon Malam Liman ya tashi tsaye."

Wani dattijo ya ce, "Kai Arzika, bokon naka har ya kai ka tada Liman gaban mai gari?"

Na ce ba raini ba ne. Na ce gilashin da ke jikin na'urar ba nata na asali ba ne, aro ne, kuma yana yi wa na ƙasa ƙarya. Na ce ba zan taɓa ta ba, ga hannuwana a baya, kada a ce na murɗa wani abu. Mai gari ya ce wa Liman ya tashi. Liman ya dafa sandarsa ya miƙe a hankali, idonsa a kan hoton. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya koma ya zauna, ya sake tashi.

"La'ilaha illallahu," ya ce. "Ja ta. Nomau, ko rigarka da nig gani kamar toka, ashe hwara ta."

Dattawa suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, masu dafa gwiwa, masu kama kafaɗar na kusa, abin da ban taɓa gani ba a ƙofar mai gari. Kowa ya tashi sai ya yi salati. Samari suka sulale. Mutum ɗaya ne bai tashi ba. Liman ya ce masa, "Nomau, tashi ka gani da idonka."

"Ba ni tashi," in ji Yaya. "Na riga na gani."

Ya juyo ya kalle ni, kallon da har yau yake hana ni cin abinci idan na tuna.

"Arzika, ni na goye ka. Yau kai ka maishe ni maƙaryaci gaban garinmu. Ka riƙe jar saniyarka, kai da ɗan'uwanka Bahillace. Ni ba ni da ƙane."

Ya kaɗe rigarsa ya tafi, bai waiwayo ba.

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku. Damin geron da yake aiko mini duk kaka bai sake zuwa ba. Ranar Sallah na je na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na yi gaisuwa, ya bar ni a nan har gwiwata ta mutu, matarsa ta fito tana kuka ta ce in yi haƙuri in tafi. Na aika Liman, na aika mai gari, na aika ƙanwarmu daga Baleyara, duk a banza. Bikin 'ya'yansa a bakin mutane nake ji. Ramatu ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, Allah ya saka mata, amma na sha ganinta tana share ido a madafa. Hadiza ta ɗora wa kanta laifi, ta yi ta nema har ta samo gilashi irin na asali ta kawo. Na ce mata babu laifinta ko kaɗan, ita ta faɗa mini gaskiya tun farko. Gilashin yana nan a akwati cikin ledarsa, ban sa an saka ba.

Saniyar ta zauna wurin Julde, don ya ce amana ce, kuma mai ita bai karɓa ba. Duk lokacin da suka sauko, matarsa takan kawo nono gidan Yaya ta ajiye a bakin ƙofa ta juya. Matar Yaya takan dama masa fura da shi. Ko ya san na wace saniya ne, ban sani ba, bai taɓa tambaya ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, babban ɗansa ya kira ni, ban san ko shi ya sa ko yaron ne ya yi gaban kansa ba. Na isa da azahar. Ya rame har ban gane shi ba. Na zauna a ƙasa kusa da gadonsa na gaishe shi, bai amsa ba. Can ya buɗe ido, ya kira sunana, karo na farko tun ranar gawon nan.

"Arzika."

"Na'am, Yaya."

"Baƙa nig gani."

"Na sani, Yaya," na ce. "Ni ma da na durƙusa na gan ta."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya fuskarsa wajen bango. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan. Ban ji ya ce ya yafe ba, kuma ba zan ƙara masa maganar da bai faɗa ba. Washegari ya cika. Da muka isa maƙabarta muka tarar da Julde a cikin ramin, da tsufansa, yana haƙa, ya ƙi ba kowa magirbin.

To ga shi kun ji. Babanku Nomau bai yi ƙarya ba, abin da idonsa ya nuna masa ya faɗa. Julde bai ci amana ba, jikokin saniyar nan suna rugarsa, naku ne ku 'ya'yan Yaya, ku je ku karɓa duk ranar da kuka so, ku kuma gaishe shi da kyau. Ni kuma ban sayar da wana ba. Da za a maida ni ƙarƙashin gawon nan, zan sake roƙon Liman ya tashi, kuma zan sake yin kuka kamar yadda na yi.

Jikokina suna yi mini dariya don wani lokaci sukan tarar na ɗora tsohuwar kwamfutar a kan tebur, ni kuma na sauka daga kujera na zauna a tabarma ina kallonta daga ƙasa. Suna cewa Kaka ya rikice. Ban rikice ba. Kewar wana ce take kama ni, sai in zauna inda ya zauna, in kalli saniyar da ya gani.